Ci-rani ko Ƙaura?

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin Jos, yaya aikin kuza? Mu nan Wudil lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Bayan haka, na hana 'yan ajina rubutun da ba ya faɗin komai. Wanda ya rubuta "an yi ruwa" sai ya gaya mini, yayyafi ne ko mamako? Wanda ya ce "kifi", tarwaɗa ce ko karfasa? Hedimasta ya kira ni ofis, wai ina cika wa yara kai da Hausar masunta, in tsaya kan kalmomin littafi. Na ce masa 'ya'yan bakin kogi ne, ba zan mayar da su bebaye ba. In ya ga dama ya sa a tura ni makarantar ƙauyen Darki, amma ba zan daina ba.

Ranar Talata ɗanka Sule ya rubuta a allonsa, "Babana ya tafi." Na ce, "Wace irin tafiya? Gyara." Ya daɗe yana juya alli, sannan ya ce, "Baffa, ci-rani zan sa ko ƙaura?"

Damina biyu ke nan da tafiyarka, Yaya, kuma mai ci-rani da ruwan farko yake dawowa. Ban ba shi amsa ba, don ba zan yi wa ɗalibina ƙarya ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Gurbin kalmar yana nan a allon Sule, ya hana a goge. Kai za ka cike shi.

Ƙaninka,
Isa