Na Riga Na Ba Shi Magana a Kan Tirelarmu

Malama Verna,

Don Allah ki taimaka mini, kuma ki hanzarta, domin ranar Juma'a maganar nan za ta ƙare ko ta wace fuska. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. A da matata ce mai karanta shafinki, ni iyakata farashin alkama da sanarwar mutuwa, har tsiya nake yi mata cewa masu rubuto miki aikin yi ne ba su da shi. To, ga ni yau.

Shekarata saba'in da shida. Shekara talatin da ɗaya na yi ina awon hatsi a rumbun garinmu kafin a rushe shi. Ba zan faɗi sunan garin ba, mu ɗari biyu ne da 'yan kai, ina faɗa an gane ni. Matata Lesia tana gidan kula da tsofaffi a garin Yorkton tun bara, ciwon mantuwa ne ya kama ta. Wata rana ta ɗauke ni ƙanenta da ya rasu, wata rana mai gyaran famfo, ta yi ta yi mini godiya cikin ladabi kamar baƙo. Sau uku nake zuwa a mako, kilomita saba'in zuwa, saba'in dawowa. Yanzu likitan ido ya ce kada in kuskura in yi tuƙi bayan faɗuwar rana, kuma kin san hunturunmu, kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Na samu ɗan ɗakin haya, tafiyar minti goma a ƙafa daga inda Lesia take, mai gidan ta ce za ta riƙe mini zuwa ƙarshen wata. Fanshona ba zai ɗauki haya ba, gidanmu kuma ba mai saye a garin da kowa ke tashi. Shi ya sa na sa tirelarmu a kasuwa.

Irin tafi-da-gidanka ce da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da ɗan kicin da banɗaki. Bazara goma sha takwas muka yi a cikinta a bakin tafkuna. Lesia ce ta ɗinka labulen. Ita ce kuma ke tsayawa a baya in zan yi ribas, hannu ɗaya na cewa dama, ɗaya na cewa hagu, in na buge itace ta ce ni ne ba na jin magana. Yau da zan samu ta tsaya ta yi mini wannan faɗan, da na buge itace goma.

Ma'aikaciyar ɗakin karatun garinmu ta sa mini tallar a intanet, dala dubu goma sha huɗu. Wanda ya fara zuwa wani Curtis ne daga garin da ke gabanmu, da matarsa da yara uku. Yaran suka haye gado da takalma. Shi kuma ya shige ƙarƙashi, ya fito, ya danna katakon bakin ƙofa da sukundireba ya ce, "Haba Baba, wannan ai ya ruɓe, kamar burodi." Matar ta jawo aljihun kicin, ta ga ƙananan cokulan da Lesia ke saye a duk inda muka yada zango, ta yi dariya. Na san ba da mugunta ta yi ba, amma raina ya ɓaci. Ya taya dubu goma sha ɗaya. Na ce zan yi tunani, na rufe ƙofa. Maganar katakon dai gaskiya ya faɗa.

Bayan kwana biyu wani mai suna Glenn ya rubuto, sannan ya kira. Ya ce a mahaƙar ma'adinai yake aiki can arewa mai nisa, ba zai samu zuwa ba, mahaifinsa zai saya wa, wanda matarsa ta rasu. Ko taya farashi bai yi ba. Tambayarsa ta farko ma ita ce wane tafki ne ya fi yi mana daɗi. Malama, sai da na yi minti arba'in ina magana.

Tun daga nan kullum ƙarfe huɗu yake kira, in ya tashi daga aiki. Mako uku ke nan. Na ba shi labarin ranar da ƙanƙara ta kama mu a tafkin Good Spirit muka yi kwana biyu muna karta. Na ba shi labarin kifin da Lesia ta kama ya fi nawa girma, ta yi shekara goma tana tuna mini. Duk waɗannan ita ta manta su, in na faɗa mata sai ta yi murmushi ta ce madalla. Shi kuwa dariya yake yi a inda ya kamata. Yakan ce, "Baba, ka ci abinci kuwa yau, ko shayi da biskit aka sake yi?" Ba wanda ya yi mini wannan tambayar tun da aka tafi da Lesia. Har na koma tun uku da rabi nake ɗora ruwan shayi in zauna kusa da waya. A kwana na huɗu na ce masa tirela tasa ce, na kira Curtis na ce an sayar.

Makon jiya cakin banki ya iso, amma na dubu goma sha bakwai da ɗari biyar. Glenn ya ce mai biyan albashinsu ce ta haɗa da ladan direban da zai ja tirelar. Wai in tura wa direban dubu uku da ɗari biyar kafin Juma'a, ranar zai zo ya ɗauka. Da na ce Juma'a ina wurin Lesia, sai ya ce ba komai, in sa hannu a takardun ciniki in ajiye su da makulli a ƙarƙashin murfin tukunyar gas. Na zuba cakin a na'urar banki a Yorkton. Ban kai bankin garinmu ba, saboda Bernice, ma'aikaciyar wurin, tambaya gare ta kamar ɗan sanda. Jiya na duba, kuɗin na nan a asusuna.

Akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Sau ɗaya ya kira matata Linda. Wata rana kuma ya ce mahaifiyarsa za ta ji daɗin kicin ɗin, alhali ya ce ta rasu. Na ce to, mutum ne ya gaji da aiki. Shekaran jiya na ce ko a ƙara mako ɗaya, sai na ji muryarsa ta yi sanyi, ya ce, "Ashe haka ne, Baba? Ni na ɗauka kai mai magana ɗaya ne." Wannan ta soke ni. Mahaifina ya sayar da gona sukutum da musafaha. Ni ma tarakta da shanu na sayar haka, ba wanda ya taɓa cewa na tashi daga magana.

Ɗanmu Taras yana birnin Calgary, ban gaya masa komai ba. In ya ji zai ce na tsufa, in komo ɗakin ƙasan gidansu, kusan kilomita dubu daga mahaifiyarsa.

Tunda banki ya nuna kuɗin, ba shi ke nan ba? In kuma yaron nan mutumin kirki ne, da wane ido zan dubi kaina? Zan kuma gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ko na tura ko ban tura ba, bayan Juma'a ba shi da dalilin sake kirana, kuma wannan na fi tsoro fiye da asarar kuɗin. Na san maganar banza ce ga mai shekaruna.

Tsohon Mai Awo


Baba Mai Awo,

Wasiƙarka ta iso Litinin, na ture wata na sa taka don ka gani kafin Juma'a. Kada ka tura ko sisi. Kada ka sa hannu a takarda, kada ka ajiye makulli a ko'ina, kuɗin da ke asusun kuma kada ka taɓa su.

Banki yakan nuna kuɗin caki tun kafin ya gama tantance shi. Tantancewar na iya cin makonni. Ranar da aka gano na jabu ne, za a janye duka daga asusunka, abin da ka tura kuma ya tafi daga aljihunka ke nan. In akwai direban da gaske, har tirelar ya yi gaba da ita da takardu masu sa hannunka. A lokacin ƙarshen wata ya wuce, ɗakin Yorkton ya zama na wani. Biyan da ya wuce farashi, da mai saye da ba ya iya zuwa, da ragowar da za a tura wa wani na uku cikin gaggawa, tsohuwar hanyar 'yan damfara ce, ba su ma canza ta.

Ina jin kai ma ka sani. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gane alkama mai danshi da tafin hannu bai tafi har Yorkton da caki don gudun surutu kawai ba. Ka guji Bernice ne don ka san abin da za ta ce. Gobe da safe ka je wurinta da ambulan ɗin da rasit da duk saƙonnin, ta tuntuɓi bankin da sunansa ke jikin cakin, sannan ku sanar da 'yan sanda. Ta ga irin wannan a hannun malamai da manoma da fastoci, ba za ta yi maka dariya ba.

Ka ce in mutumin kirki ne fa? Bari mu yi masa adalci, gwajin ba shi da tsada. Ka ce masa ba ka karɓi wannan cakin ba. Shi ko wakilinsa ya zo ya ga tirela, ku shiga banki tare, ya biya daidai farashi a gaban ma'aikaciya, direbansa kuma ya biya shi da kansa. Mai gaskiya ba abin da zai rasa. Ni dai tsammanina za ka ji ya yi fushi, ko magiya, ko ciwon mahaifinsa ya tashi, daga nan shiru. Kada ka tsaya gardama da shi, ya fi ka iya magana, sana'arsa ke nan. Ka faɗa sau ɗaya ka ajiye waya.

Batun magana ɗaya kuwa, na girmama ka a kai. Amma mahaifinka ya yi musafaha ne da mutumin da ya san gonarsa, ya san cocin da yake zuwa, ya san inda zai same shi in ya saɓa. Kai ko sunan wannan na gaskiya ba ka sani ba. Alkawarinka shi ne tirela a kan dubu goma sha huɗu, ba ka taɓa alkawarin zama ɗan aiken kuɗinsa ba. Mako uku ya yi yana sauraronka don ya gano inda zai danna, da ya gano ya danna.

Curtis kuma ka sake duba lamarinsa. Ya shiga ƙarƙashi ya ɓata rigarsa saboda 'ya'yansa ne za su kwana a ciki. Kira shi, ka ce wancan cinikin ya rushe, ka nemi dubu goma sha biyu, wataƙila ku haɗu a tsakiya. Ku yi komai a banki da rana tsaka: ka ga lasisinsa, Bernice ta tabbatar maka kuɗi sun zauna, ku sa hannu a takarda biyu, ka cire lambarka daga jikin tirelar, sannan makulli. Kafin ya zo ka kwashe cokulan da labule ɗaya, su ba na sayarwa ba ne.

Maganarka ta ƙarshe ba ta banza ba ce. Shekara guda kana zuwa wurin matar da ba ta gane ka, kana komawa gidan da ba kowa, sai wani ya tambaye ka ko ka ci abinci. Kowa zai zauna kusa da wayar nan. Za ka yi kewarsa, har ka ji haushin kanka a kan haka, ka bar abin ya wuce a hankali. A gidan da Lesia take, ka tambayi ma'aikatan ko akwai zaman mazaje da matan marasa lafiya, galibi akwai. A can za ka samu masu irin labaranka, waɗanda su ma ba su da mai tuna musu.

Saura Taras. Kira shi yau, kafin ma ka je banki. Kada ka fara da cewa ba wani abu ba ne. Gaya masa duka, har da kiran ƙarfe huɗun, sannan ka gaya masa ba za ka je Calgary ba, Yorkton za ka koma, kana bukatar ya zo ya taya ka ɗaukar kaya. Kana tsoron ya ce ka tsufa. To, ka tsufa ɗin, Baba, shi ma ya sani. Abin da bai sani ba shi ne yadda kaɗaici ya yi maka, don ba ka taɓa bari ya gani ba.

Allah ya sa ka tare a ɗakin nan kafin dusar ƙanƙara ta fari ta sauka, ya ba Lesia sauƙi. Ka riƙa taka minti goman nan kullum, ko ta gane ka ko ba ta gane ba.

Verna