Yadda Na Yi Ta Gyara Miki Magana

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da begen kina hutawa a wurinsa. Mu nan muna lafiya. Baba yana fama da gwiwarsa, kuma har yanzu ya ƙi yarda cewa shekaru ne. Damina biyu ke nan da muka raka ki makwancinki a garin Gidan Waya muka dawo babu ke, amma sai yau na sami abin da ya zaunar da ni in rubuta miki.

Kin tuna mitin ɗin nan namu na Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda kike kira cocin masu kwamfuta? Yana nan bai mutu ba. Har yanzu a saman benen nan na kusa da tashar jirgin ƙasa muke haɗuwa, masu ƙananan sana'o'in waya da kwamfuta da 'yan bincike daga jami'a, kowa da wayar jona wutarsa a jaka domin soket biyu ne kacal a ɗakin. Kowa a ba shi minti goma ya nuna abin da yake ƙerawa, sauran mu tsince shi kamar shinkafa, sannan a sha zoɓo a rabu lafiya. Ni ce dai mai rubuta abin da aka tattauna, wai don ni na karanta Hausa.

Akwai wata Ifeoma da ba ki sani ba, jikar wani tsohon ma'aikacin reluwe, haifaffiyar nan Kafanchan. Tun shekarar da citta ta ruɓe mana a gona take haɗa wata manhaja da manomi zai yi wa tambaya da baki ta amsa masa, ba sai ya iya karatu ba. Rannan ta kunna mana muryar wata tsohuwa tana tambaya a kan ganyen cittarta da ya koma rawaya, sai na'urar ta rubuto shirme. Ifeoma ta ce da Hausar masu karanta labarai a rediyo aka koya mata ji, ba ta taɓa jin irin tamu ba. Ta roƙi kowa ya kawo muryoyin iyayensa haɗe da rubutun abin da suka faɗa, in ba haka ba matan ƙauyukanmu za su yi ta yi wa waya magana tana yi musu kunnen uwar shegu.

Saƙonninki na murya suna nan a wayata, ban goge ko ɗaya ba, ban kuma iya sauraron su ba tun da kika tafi. Na yi mako biyu ina juya abin a raina. Da na tambayi Baba sai ya ce ai ke ba ki taɓa ƙin a ji muryarki ba, ko a zumuntar mata ke ce mai ɗaga waƙa. Haka na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa, in tsaya in wanke fuska, in dawo in ci gaba.

A mitin na gaba Ifeoma ta haska rubutuna a bango, ta kunna muryarki. Mama, kin cika ɗakin nan. Aka ji kina cewa, "Saratu, ka ci abinci? Ladi ya zo, ya kawo maka doya, ka zo ka ɗauka." A bango kuwa ga abin da na rubuta: "Kin ci abinci? Ladi ta zo, ta kawo miki doya."

Malam Sani, mai gyaran waya a kasuwa, wanda ya gaji Hausa kaka da kakanni, shi ya ɗaga hannu. A hankali ya ce, "Malama, ba haka Mama ta faɗa ba." Ifeoma ta duba sauran shafukan, ta tarar duk haka na yi. Ba ta yi faɗa ba, bayani kawai ta yi cewa in aka ba na'ura wannan rubutun za ta koyi cewa abin da ta ji kuskure ne, mu koma gidan jiya. Ni ban ma san na yi ba. Hannuna ne ya yi ta gyara ki, yadda bakina ya saba.

Nan take na tuna ranar da ƙawayena na kwaleji suka zo gida kika yi mana faten acca. Kika ce da ɗaya daga cikinsu "ka ƙara", na yi dariya a gabansu na ce mace ai "ki" ake ce mata. Kika dube ni da ludayi a hannu kika ce, "To ka ji abin da na ce, ko ba ka ji ba?" Ban amsa ba. Daga ranar, in na zo da baƙi sai ki gaishe su ki koma madafi, ni kuwa na ɗauka aiki ne ya yi miki yawa. Ke mai yarenmu a baki, kika ɗora Hausa a kai don kasuwa da coci, har da ɗan Turancin asibiti, ni da takardar shaida guda ɗaya na mai da ke ɗalibata.

Na karɓi aikin na koma gida na sake shi daga farko. Kowane "ka" da kowane "ya" na mayar da shi inda kika ajiye shi. Asabar ɗin da ta wuce, bayan an haɗa muryarki da ta iyayen wasu, Ifeoma ta sake kunna tsohuwar nan mai citta, na'urar ta kama yawancin maganarta. Da sauran aiki, amma ta fara ji. Kowa ya tafa, ni na kasa.

Ki gafarta mini, Mama. Ina kewarki ƙwarai, ina kuma jin kunyar shekarun da na sa kika yi shiru a cikin gidanki. Ubangiji ya riƙe ki cikin salamarsa, ya sa aikin nan ya amfani duk macen da ke magana irin taki, ya kuma haɗa mu a gabansa. Amin. Ga amsar tambayarki, ko da ta makara: na ji, Mama. Tun a ranar na ji.

'Yarki,
Saratu
Kafanchan