Sandata Ba Ta Gadi Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Mudirin Kwaleji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Haruna Isiyaku, Bahaushen nan da ɗalibanka suke kira Kabtin, wanda ya yi wata biyar yana koya musu besbol a filin bayan ɗakin karatu. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina kai takarda ofishinka, magatakarda yana ce mini bukra, kuma goben tasa har yau ba ta waye ba. Ta Larabcin tana hannunsa. Wannan ta Hausa ce, don 'yan'uwa su zama shaida.

Na ɗaya. Ina goye mahaifina ya tsallako da mu daga Sudan a jirgin alhazai, muka zauna a unguwar Balad, nan Jidda. Da na girma na kama dako a wani kamfanin Amirkawa a bakin tashar jiragen ruwa. Su ne masu wannan wasa: ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya doke ta da sanda ya sheƙa a guje. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, suka miƙo mini sanda. Dukan farko ƙwallo ta tsallake katanga, har yau ba a gan ta ba. Daga ranar aka raba ni da buhu. Shekara goma sha ɗaya ba ni da wani aiki sai wasan nan, da shi na yi aure, da shi na fara hawa jirgin sama zuwa Zahran. Gwiwata ce ta ce halas, wasa ya ƙare, ba ni ba.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ranar da kamfanin ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, magatakardansu a unguwar Bagdadiyya ya tambaye ni sana'ar da za a sa a iƙama, takardar izinin zama. Wasan ba shi da suna a Larabci, sai na ɗaga sandata na nuna masa. Bawan Allah ya dubi dogon baƙin mutum riƙe da sanda, ya rubuta haris, wato mai gadi. Abokan wasa suka yi ta tsokanata, ni ma na yi ta dariya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce in koma a gyara, na ce ai takarda ce kawai. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na uku. Kai da kanka ka tsaya ka kalli horon da nake ba samarin nan, ka ce a ɗauke ni. Amma ofishin ma'aikata sun ce ba a sa haris a gurbin mudarrib, wato mai horarwa. Idan ba a gyara ba kafin a buɗe sabon zango, za a rufe filin, ni kuma a ba ni ƙofa, tunda ita ta dace da takardata. Wallahi maganar ta yi mini ciwo, ko abincin rana ban iya ci ba. Ba gadi na raina ba, sana'a ce. Sai dai ƙofar tana da mai ita, Ammi Salihu, dattijon da yake buɗe mini ita kullum da fara'a. In tuɓe shi in zauna? Allah ya kiyaye!

Ka tuna kuma ranar da na zo, samarin nan kamar taɓarya suke riƙe sanda. Yau Abdul'aziz, wanda da yake rufe ido in ƙwallo ta taso, shi ne ya fasa gilashin ɗakin karatu. Na yi masa faɗa, amma ba zan ɓoye maka ba, raina fari tas.

Buƙatuna biyu ne. Ka sa hannu a wasiƙar karɓar kafalata da gyara kalmar nan, domin kamfanin ya ce a shirye yake ya sake ni, hannunka kawai ake jira. Sannan a bar filin a buɗe har takardar ta fito. Ban yanke ƙauna ba ko kaɗan, don wanda ya tsaya cikin ranar Jidda yana kallon wasan da bai sani ba, ba zai kasa karanta shafi ɗaya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci zuriyarka da ɗalibanka. Ranar Alhamis bayan la'asar ina filin da sandata. Ammi Salihu ya ce in shaida maka shi bai iya koyar da ƙwallo ba, ni ma ban iya gadi ba. A bar kowa da sandarsa.

Wassalam,
Haruna Isiyaku, Waziriyya, Jidda.