Ƙafar Baba Ta Zurma Cikin Gwangwani, An Ɗora wa Mijina Laifi

Goggo Verna, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Muna da wani tsohon ɗaki irin wanda ake ja da mota, mai gado da murhu a ciki. Gwangwani muke ce masa a gida, don jikinsa duk kwano ne. Babana Reino ya saye shi tun ina 'yar firamare, kuma kowace shekara idan sanyi ya wuce sai shi da mamata Lempi su ja shi zuwa bakin tafki, shi yana kamun kifi, ita tana saƙa a bakin taga. Da Mama ta rasu, Baba ya daina tuƙi, sai ya damƙa wa mijina Wendell ajiyarsa. Wendell ya kai shi bayan gidanmu ƙarƙashin bishiyoyi, duk hunturu sai ya lulluɓe shi da tamfol ya ɗaure tam saboda dusar ƙanƙara.

Bana Baba ya ce a kai shi tafki ko sau ɗaya ne. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka buɗe Gwangwani, ya shiga da kofin shayinsa yana murna kamar yaro. Ya nufi wurin zaman Mama a bakin taga, sai muka ji ɓurum! Ƙafarsa ta zurma har gwiwa. Goggo, ina tsaye a waje na hango takalmin ubana yana lilo ta ƙarƙashin ɗakin. Na ƙwala ihu har maƙwabta suka fito. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai ya yi.

Da muka ɗaga ledar ƙasa ne hankalina ya ƙarasa tashi. Ledar tana nan fes, ko tabo babu, amma katakon da ke ƙarƙashinta ya koma baƙi, in ka damƙa sai ya marmashe kamar jiƙaƙƙen burodi. Manyan tururuwa suka yi ta fitowa, har naman kaza ya tsiro a ƙarƙashin gadon da 'ya'yana suka kwana bara. Ga wani wari da ban san yadda aka yi ba mu taɓa ji ba.

Baba ya juya kan Wendell a gaban jama'a, ya ce, "Kai dai ko bokiti aka ba ka ajiya sai ya tsatsa! Na ba ka ɗakin matata ka naɗe shi kamar gawa, ka bar shi yana ruɓewa." Wendell ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Baba ya ce, "Wane ne babanka?" Tun ranar bai ƙara yi masa magana ba. Wendell ne ke kai shi asibiti, shi ke share masa ƙanƙara a ƙofar gida, amma yanzu in ya ga motarsa sai ya saki labule.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Wendell ya ciro tagar wurin zaman Mama don ya ga ta inda ruwa ya shiga. Ashe a ƙasan kowace taga akwai 'yan ramuka da ruwan sama ke bi ya fita waje. Duk an toshe su. An cusa musu jan zaren ulu, an ɗiga kakin kyandir a kai, aiki tsaf. Ina ganin zaren na gane shi. Da shi Mama ke saƙa wa Baba safa. Sai na tuna yadda take faɗa da sauron bakin tafki, don in ya ciji Baba fuskarsa har kumbura take yi, kuma kullum tana cewa sai ta gano ta inda 'yan banzan suke shigowa. Ashe ta gano. Ruwan da ya rasa hanyar fita shi ya riƙa gangarawa cikin bango yana taruwa a ƙasa shekara da shekaru.

Wendell ya zuba zaren tagar da ya ciro a aljihu ya ce in yi shiru, wai gara Baba ya tsane shi da ya ji cewa matarsa ce ta jawo. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Baba ya haura tamanin. Ina tsoron ya tafi yana fushi da mutumin da ya fi kowa yi masa hidima, ina kuma tsoron in faɗa in karya masa zuciya. Yaya zan yi?

Wadda Ke Tsaka Mai Wuya, daga bakin Tafkin Superior

'Yata,

Da farko ki gode wa Allah ƙafa ce ta ƙuje, ba ƙugu ya karye ba. Kada kowa ya sake shiga ɗakin nan sai an bi ƙasansa da sukundireba ana dannawa. Duk inda ya nutse, nan ma ya ruɓe, kuma yawanci ruɓar ta fi abin da ido ya gani faɗi.

Ni ma da na zo kan zaren nan, sai da na ajiye takardar na cire tabarau. Amma bari in rage miki nauyi. Ɗakin da ya kai shekarun Gwangwani ba ta ƙofa ɗaya ruwa ke shigarsa ba. Danƙon da ke haɗa kwanon rufi yana tsagewa, ruwa ya shiga, sanyi ya daskarar da shi ya ƙara buɗe tsagar. Tamfol da aka ɗaure tam ba ya barin iska ta ratsa, sai laima ta kwanta ciki har bazara, balle a inuwar bishiya. Ledar ƙasa kuma munafuka ce, tana sheƙi a sama ana ɓarna a ƙasa. Saboda haka faɗan babanki ba duka ne ƙarya ba, Wendell yana da ɗan kasonsa, shekaru ma suna da nasu. Mamanki dai ita ta buɗe babbar hanyar ɓarnar, da kyakkyawar niyya.

Mijinki mutumin kirki ne, ki faɗa masa na ce haka. Sai dai shirun nan ba shi kaɗai zai ci ba. Tsohon da ya saki labule a kan mai kai shi asibiti, wa zai kai shi gobe? Kuma kun yanke wa babanki hukunci cewa ba zai iya ɗaukar gaskiya ba, alhali ya zauna da matar nan fiye da rabin rayuwarsa, ya fi ku sanin taurin kanta.

Kada ki zaunar da shi ki yi masa bayani kamar mai karanta laifi. Tagogin da ba a taɓa ba suna nan da zarensu. Ki ce masa ana son gyara Gwangwani kuma ba wanda ya san tagoginsa kamarsa. Ki ajiye masa kujera a waje, ki ba shi tsinke, Wendell ya riƙe gilashin. Shi da kansa zai zaro zaren, kuma ba sai kowa ya gaya masa na wace ce ba. In ya yi kuka ku bar shi ya yi. In ya yi dariya ya zage ta da tsohuwa mai ƙiriniya, to ya samu sauƙi ke nan. Kada kuma ki jira ya ba Wendell haƙuri da baki, irinsu ba sa yi. In ya miƙa masa sukundireba ya ce riƙe nan, an shirya.

Zaren da ke aljihun mijinki kada a zubar. A wanke shi, a ba babanki. Matar da ta durƙusa tana toshe ramuka ɗaya bayan ɗaya don kada sauro ya ciji mijinta, mijin ya cancanci ya san ta yi masa haka.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa bana ya sha shayinsa a bakin tafki, surukinsa na gefe.

Goggo Verna