Takalman Inna a Bakin Titi

Garin Ota, watan dashen shinkafa, 1947

Yaya Tokiko,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon gwiwar da wannan ruwa? Yaya yara? Mu lafiya, sai dai dankali ya ishe mu, safe da yamma.

Gidanmu ba daɗi, Yaya. Masana'antar jiragen yaƙi da maigidana Sadao ya yi wa aiki ta sake buɗewa, yanzu ɗan ƙaramin babur suke ƙerawa. In kin gan shi sai ki rantse kujera aka sa wa inji. Tayoyinsa ma ragowar na wutsiyar jirgi ne. Sadao ya zo da guda gida don gwaji yana ta washe baki, rabona da ganin haƙoransa tun kafin yaƙi. Sai surukata, Inna, ta gane tayar. Kin san jirgi ne ya tafi da autanta Noboru yaƙi, bai dawo ba. Ta ce ko ya bar aikin a ƙarshen wata, ko ya nemi wata uwar. Shi kuwa ba ya musu da ita. In ya bari zai koma zaman shirun nan nasa, abin da nake tsoro ke nan.

Ƙanwarki,
Fusae

Yaya Tokiko,

Da fatan kuna lafiya. Ajiye abin da ke hannunki ki zauna!

Shekaranjiya aka aiko cewa Haruyo, ƙanwar Sadao, tana naƙuda a ƙauyen mijinta, sai kiran uwarta take yi. Bas ɗin nan mai aiki da gawayi ya mutu kamar kullum. Inna ta fito ta harari babur, ta harari ɗanta, ta ce, "Kai gaula, tsayuwar me kake yi? Tayar da abin naka!"

Sai ta ga wurin ɗora ƙafa a shimfiɗe, Sadao ya goge shi tas. Yaya, baiwar Allah nan ta tuɓe takalmanta na katako, ta jera su a bakin titi, hancinsu waje, sannan ta taka, kamar mai shiga ɗakin mutane. Kafin in buɗe baki sun yi gaba. Haka ta isa gidan surukai da safa kawai! Ni aka bari da gadin takalma, mai sayar da tofu, wato awara, yana ta tsokanata, wai ko masu gidan ne suka hana ni shiga.

Namiji aka samu, uwa da ɗa lafiya lau!

Da suka dawo gashin Inna duk ya warware. Ta sauko, ta durƙusa ta dafa tayar nan, ta daɗe a haka. Can ta ce, "Wannan ta kai mutum, ta kuma dawo da shi." Na yi kuka, ban ɓoye ba. Ta miƙe ta dubi Sadao ta ce, "Gobe kada ka makara wurin aiki. Ka kuma gaya musu mazaunin baya ya yi tauri."

Yau da waƙa Sadao ya fita aiki, da muryar nan tasa mai korar kaji.

Ki gaida mini yara ɗaya bayan ɗaya.

Taki,
Fusae