Ranar da Iska Ta Kwanta

Asabar, 13 ga Janairu

Sababbin wili, wato ƙafafun keke, sun hau kekena. Baƙaƙe, masu faɗin baki, ba nauyi ko kaɗan. Riedewaan mai gyaran keke ya ce da waɗannan zan riƙa yanka iska. Dole kuwa in yanka. Bara a gasar nan ta iyo da keke da gudu, na fito daga teku da wuri, amma keken ya cinye min lokaci, na shigo ana shirin rufe ƙofa. Wanda bai shigo a kan lokaci ba, babu zancen gudu, sai a ɗora shi a motar kwashe waɗanda suka gaza, shi da kekensa. Na haura sittin ban taɓa hawa motar nan ba, kuma ba a Afrilun bana zan fara ba.

Phumeza ta leƙo gareji, ta ce ashe ƙafa ma sayenta ake yi. Tun da muka yi aure ba ta ga amfanin mutum ya yi iyo, ya hau keke, ya kuma kwasa da gudu a yini ɗaya alhali ba wanda ya biyo shi ba.

Talata, 16 ga Janairu

Titin bakin teku, wajen Schoenies. Ina kwantawa a kan sandunan gaba, inda ake ɗora hannu don rage iska, sai keken ya fara rawa. Iska ce. Garinmu Gqeberha ai ba ta rabo da iska, kuma tana kama faɗin wilin nan kamar zanin gado a igiyar shanya.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na fita da Thembekile, abokin hawana tun muna da baƙin gashi. Yana bayana a gangaren Seaview, sai ya matso ya ce, "Tsoho, keken ne ke rawa ko da giya ka karya kumallo?" Na ce masa ya jira ya ga ranar da zan saba da su. Ya wuce ni a kan tsofaffin wilinsa masu tsatsa, yana cin ayaba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na cire wilin gaba, na mayar da tsohon mai siririn baki. Na baya kawai na bari. Haka kowa yake yi a gari mai iska, ba abin kunya ba ne.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Bai daina ba. Ya ragu, ina jin ya ragu. Wataƙila.

Da na dawo Phumeza ta miƙo min shayin rooibos. Kofin ya yi ta ƙara a kan faranti har ya zube min a wando. Ta tsaya tana kallo.

"Baban Lunathi, tun yaushe hannun nan yake haka?"

Na yi mata bayani a tsanake. Tayoyina sirara ne, kuma ina cika su da iska har su yi tauri kamar dutse, yadda aka koya mana da. Kwaltar nan mai tsakuwa duk girgizarta a hannu take sauka. Kowane mai keke ya san wannan. Ta ce to me ya sa hagun ba ya yi, ko shi a wata kwaltar yake tafiya. Na ji haushi sosai, na bar mata shayin.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Tayoyi masu faɗi, iska kaɗan a ciki. Yanzu wai su ne suka fi gudu. Duk abin da muka sani an juya shi. Gaskiya sun yi laushi, bayana ya gode. Na ɗauki lokaci kafin in iya maƙala bakin famfo a jikin tayar. Ƙananan abubuwan nan da suke ƙerawa yanzu, ba don hannun mutum suke yin su ba.

Asabar, 2 ga Maris

Riedewaan ya kwance wuyan keken gaba ɗaya, ya duba, ya ɗaure. Ya ce bai ga komai ba, amma in ina so zai canza min. Na ce ya canza.

Lahadi, 10 ga Maris

Na tashi na tarar babu iska. Ko kaɗan. Tutocin unguwar Summerstrand a rataye kamar jiƙaƙƙun tsummoki, teku a shimfiɗe, hayaƙin jiragen ruwa yana tafiya sama a miƙe. Irin ranar da ba a cika samu ba a garin nan. Na yi murna kamar yaro. Na mayar da baƙin wilin gaba, na ce yau zan ga abin da na saya.

Na kwanta a kan sanduna a wuri mafi santsi, bayan hasumiyar fitila. Keken ya yi rawa. Na tashi zaune, na sake kwantawa. Ya yi rawa. Na tsaya na duba ciyawar gefen titi, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Na ɗora hannun dama a kan cinyata, na ce masa ya tsaya. Bai tsaya ba.

Na daɗe a zaune a kan dutse. Tsoro nake ji, ba wani suna da zan ba shi. Thembekile ya iso, ya sauka, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya ga inda nake kallo. Ya ɓare ayabarsa ya ba ni rabi. Muka komo a hankali, shi a gefen motoci.

Litinin, 11 ga Maris

Iska ta dawo. Ba ta da amfani a wurina yanzu.

Alhamis, 21 ga Maris

Likita ta sa na taɓa hancina, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo, na zana da'ira a takarda. Ta faɗi sunan wata cuta, ta ce sai an ƙara gwaji. Na tambaye ta zancen gasar Afrilu. Ta tambaye ni mutum nawa ne za su kasance a gefena a gangare.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ban janye sunana ba. Ban kuma hau ba. Na goge wilin.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ranar gasa. Iska kamar za ta cire rufin gidaje. Mun tsaya a kwanar Schoenies, ni da Phumeza, wadda ba ta taɓa zuwa kallo ba sai yau. Ta zo da amagwinya, wato fanke, a leda, da zafinsu.

Na ara wa Thembekile wilin. Aro ne, na faɗa masa sau biyu. Na haɗa masa da famfon, don nasa ya tsufa.

Can sai ga shi, a kwance a kan sanduna, baƙaƙen wilina gaba da baya, iska tana dukansa ta gefe. Ya wuce a miƙe, ko gezau. Ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, suna tafiya!"

Suna tafiya kuwa. Lafiyarsu ƙalau.

Na so in tafa masa, hannun ya riga ni farawa. Phumeza ta kama shi ta cusa a aljihun rigar sanyinta. Na bar shi a can.