Na Zaɓar Mana Git

Laraba, da dare

Yau ma Bashir ya maimaita halinsa. Don yana shugaban rukuninmu a darasin rubuta manhaja, ya tsaya gaban malami yana nuna aikin da na yi kwana uku a kansa, wai nasa ne. Har da cewa, "Wallahi Malam, na sha wahala." Daga Mokola har Sabo a ƙafa na dawo don haushi. Umma ta miƙo min amala, na kasa ci.

Amma shi ya kawo kansa. Malam ya ce kowane rukuni ya rubuto kayan aikin da zai yi babban aiki da su. Bashir ya ce, "Hauwa, ki zaɓa kawai, ba ni da lokaci."

To, na zaɓa. Manhajar Git na sa a farko, wadda ke ajiye sunan duk wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ya sa hannu bai karanta ba.

Ranar gabatarwa zan haska tarihin aikin a bango, gaban kowa. Sai ya nemo mana sunansa a ciki, in akwai.